Haruffa Daidai Idon Mama

Kaplan, Louisiana
8 ga Janairu, 1990

Ɗana Ovide,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya sanyi? An nuna garinku a talabijin, ƙanƙara ta binne motoci har ba a ganin tayoyi. Na kashe talabijin ɗin, amma ban daina gani a raina ba. Kana sa hular da na saƙa maka kuwa? Kada ka ce eh don kawai in yi shiru.

Mu nan lafiya lau. An yi ruwa sosai, gonakin shinkafa sun cika. Gwaggonka Noemie tana gaishe ka.

Da kwamfutar da ka bar mini nake rubuta wannan. Kwanaki Malama Lorena, wadda ta koya mini karatu a laburare, ta biyo ta gida. Na buɗe mata allon saiti, na nuna mata ɗan abin nan da ka ƙara a ciki don kibiyar ɓera, wato linzamin kwamfutar, ta yi kauri in daina ɓatar da ita. Na nuna mata sunanka a ƙasansa. Ta ce ba kowa ne ke iya shiga cikin inji ya ƙara masa abin da masu shi ba su sa ba. Na ce ai tun yana yaro haka yake, rediyon babansa ma bai tsira ba.

To ga abin da ya sa na rubuto. Na je wurin likitan ido a Lafayette. Ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana cina ban sani ba. Ya ba ni maganin ɗigawa. Ya ce zai tsare abin da ya rage, amma wanda ya tafi ya tafi. Haruffan kwamfuta sun koma sirara kamar zaren gizo-gizo, na jarida ma haka. Wasiƙarka ta Kirsimeti sai da Noemie ta karanta mini.

Ovide, ka san sai da na haura hamsin na san harafin farko. Duk zamana da babanka Ulysse, Allah ya ji ƙansa, shi yake karanta mini komai. Mutumin kirki ne, amma yana zaɓe. In labari zai tayar mini da hankali, sai ya tsallake. Ciwon ƙanena Clebert ban ji shi ba sai da ake maganar binnewa. 'Yan shekarun nan da nake karanta abina da idona, mai daɗi da marar daɗi, ban taɓa jin ni cikakkiyar mutum ba kamar a cikinsu. Ba na so in koma.

Noemie ta ce in kwantar da hankalina, ai tana nan, bakinta bai taɓa gajiya ba. Wannan kam gaskiya ta faɗa. Amma ni so nake maganarka ta zo mini kai tsaye, ba ta bi ta bakin kowa ba.

In akwai abin da za a yi wa injin nan, kai za ka sani. In babu, ka faɗa mini, kada ka ɓata lokacin aikinka. Ka riƙa cin abinci mai zafi. Allah ya tsare mini kai.

Mamarka,
Azema Duhon

St. Paul, Minnesota
29 ga Janairu

Mama,

Barkanku da ruwa. Hula tana kaina yanzu haka, a cikin ɗaki, don kada a ce na yi ƙarya. Ki gaida Gwaggo da bakinta.

Maganar ido ta dame ni, amma akwai abin yi, kuma yana cikin faifan da ke cikin ambulan ɗin nan. Bari in fara gaya miki yadda injin yake, don na san ba kya yarda da abin da ba ki gane ba.

Kwamfuta ba ta san harafi ba. Ɗigo kawai ta sani, wannan baƙi, wannan fari. Duk harafin da kike gani a allo, wani mutum ne ya zauna ya cike ƙananan gidaje ɗaya bayan ɗaya har siffa ta fito. Kuma kowane girma da nasa zanen. In kika nemi girman da ba a zana ba, sai ta ɗauko ƙarami ta ja shi da ƙarfin tsiya, ya fito da kusurwoyi kamar matakalar bene. Shi ya sa ban ce ki ƙara girma kawai ba. Na zauna na zana miki naki daga farko, manya, kowanne ya kai farcen babban yatsa. Abokan aikina sun ce daga tsallaken titi ma ana karanta su.

Ga yadda za ki yi. Ki sa faifan, za ki ga hoton 'yar butar kofi. Ki ja ta da ɓera, ki saka ta cikin jakar nan mai hoton ƙaramar kwamfuta a kanta. Cikin jakar fa, Mama, ba kusa da ita ba. Nan ne inji yake leƙawa duk lokacin da ya tashi, ya ga ko an kawo masa baƙo. Sai ki kashe ki kunna. In kin buɗe allon saiti za ki tarar da buta ta samu wuri tare da agogo da sauran. Ki danna ta. Daga nan, duk sanda inji ya miƙa hannu zai ɗauko haruffansa, buta za ta tare shi ta ba shi naki.

Wani ɗan labari: na zame a ƙanƙara a ƙofar gida, wuyan hannuna na hagu ya tsage, an ɗaure shi. Ba wani abu ba ne, da dama nake riƙe ɓera.

Ki rubuto ki gaya mini yadda suka yi. Ina kewar miyar kuɓewarki, mutanen nan barkono ma tsoronsa suke ji.

Ɗanki,
Ovide

Kaplan
12 ga Fabrairu

Ɗana Ovide,

Gaisuwa da fatan alheri. Faifai ya iso lafiya. Da farko kusa da jakar na ajiye butar, duk da ka gargaɗe ni, na yi ta kashewa da kunnawa babu abin da ya canja. Malama Lorena ce ta zo ta tura ta ciki.

Ovide, ban taɓa ganin haruffa masu kyau haka ba. Ko na allon coci ba su kai su ba. Gefensu sumul, babu matakalar da ka faɗa. Curley mai gyaran tarakta ya shigo shan kofi, ya tsaya yana kallo, ya ce wai da gaske ɗigo-ɗigo aka yi wannan. Na ce da gaske, kuma ɗana ne. Ya ce shi da ko zare ba ya iya sawa a allura, ya sara maka. Na gaya wa Fada ma bayan sujada.

Kada ka ƙara wahalar da kanka a kan wannan, ka yi iyakar yinka. Na aiko maka da kwalbar ɓauren da na dafa da sukari. Ka ci da burodi, kada ka rabar wa 'yan ofis.

Allah ya yi maka albarka.

Mamarka,
Azema Duhon

Kaplan
14 ga Fabrairu

Ovide, ɗan yayana,

Ina gaishe ka. Ba zan ja gaisuwa ba, takardar ƙarama ce kuma maganar da yawa.

Mamarka ba ta iya karanta haruffanka. Na san ta rubuto maka yabo, yabon kuma da gaske take, amma yatsunta ne suka rubuta wasiƙar, su suka san inda maɓallai suke. Ita da ta ɗaga kai ba ta iya karanta abin da ta rubuta ba.

Ina wurin lokacin da likita ya yi bayani. Ya ce ganinta ya koma kamar na mai leƙe ta bututu, tsakiya tana nan, gefe ya tafi. Ba ta gaya maka wannan ba don a wurinta rashin gani duk ɗaya ne. To harafinka guda ɗaya shi yake cika bututun. Sai ka gan ta tana bin layi da kai kamar kaza tana tsintar shinkafa, kafin ta kai ƙarshen kalma ta manta farkonta. Irin yadda take yi lokacin da ta fara koyo, har da motsa leɓe. Ranar nan na shigo na same ta tana share hawaye, ta ce wai maganin ido ne.

Na ce mata, Azema, ki gaya wa yaron nan gaskiya, ba gilashi ba ne da zai fashe. Sai ta ce, "Ɗigo-ɗigo ya zana su, Noemie. Da wane baki zan ce ba su yi ba?"

Yanzu ta lulluɓe injin da mayafin tebur. Duk wanda ya shigo sai ta yaye ta nuna masa, in ya fita ta mayar. Ta kuma gaya wa Malama Lorena ta daina zuwa laburare, wai ƙafa. Ƙafar da take zagaye kasuwa da ita ni ina haki a baya.

Kai ma da duk karatunka ba ka tambayi irin ciwon ba, ka ɗauka tsohuwa sai manyan baƙaƙe. Ba faɗa nake maka ba, ni ma da haka zan ɗauka.

Maganar hannunka ban karanta mata ba, na tsallake. Da ta ji, da yanzu tana cikin bas da tukunyar miya a cinya. Allah ya ba ka lafiya. Kada ka ce ni na faɗa, ko da yake za ta gane.

Gwaggonka,
Noemie

St. Paul
26 ga Fabrairu

Mama,

Ina gaishe ki, ina gaida Gwaggo. Gwaggo, na san ke kike karanta wannan. Don Allah ki karanta duka, har abin da bai yi miki ba. Mama, hannuna na hagu ya tsage tun watan jiya, na rubuta a waccan wasiƙar aka tsallake miki. Yana warkewa. Ki yi faɗan ki gama, sannan mu yi aiki.

Na naɗe jarida na yi bututu, na kafa a ido na kalli haruffan nan nawa. Ban kai ƙarshen layi ɗaya ba na ajiye. Kyau kam suna da shi, amma na wani ne, ba naki ba. Da na tambaya tun farko da ban kai ki ga mayafin tebur ba.

Abin da kike bukata ƙanana ne masu kauri, yadda kalma sukutum za ta shiga bututun, ba kuma za ta dushe ba. Nan wahalar take. Ƙaramin harafi gidajensa kaɗan ne. In na kaurara layi, sai ramin da ke cikin harafin ya toshe. In na buɗe ramin, sai layin ya rame. Kowane ɗigo sai an yi shawara a kansa, kuma ni bututun jarida gare ni, na gaske yana wurinki.

A wurin aikinmu akwai mutanen da ba su da wani aiki sai nemo inda muka yi kuskure. In sun shigo ɗaki kowa gyara zama yake yi, kuma ba abin da ke fita sai sun yarda. To na ɗauke ki wannan aikin. Yabo ba ya cikin aikin, Mama. In kin yabe ni kin cuce ni.

Ga sabon faifai. Ki jefar da tsohuwar buta, ki sa wannan a wurinta. Yanzu in kin danna ta za ki ga abin ja guda biyu. Ɗaya yana nisanta haruffa da juna, ɗaya yana matse faɗin layi don kada ki riƙa yawo da kai. Ki yi ta ja har ki ji daidai. Na sa miki 'yan layuka na gwaji. Ki gaya mini duk harafin da ya yi kama da ɗan'uwansa, da duk wanda ya ba ki haushi.

Ɓaure ya iso. Ban ba kowa ba.

Ɗanki,
Ovide

Kaplan
10 ga Maris

Ɗana Ovide,

Gaisuwa. Yaya hannun? Wane irin likita ya ɗaure shi? Yana yi maka zogi in sanyi ya tsananta? Kana barbaɗa gishiri a ƙofar gidan don ƙanƙara ta narke, ko sai ka karya ɗayan? Ka amsa kowace tambaya, kada ka haɗa su ka ce lafiya.

Da Noemie ta zo wurin hannun sai muryarta ta yi ƙasa. Na ce ta maimaita. Ta ce ai don kada in damu ta yi. Na ce mata damuwar tawa ce, ba ta da ikon ajiye mini ita. Ta ce to ga shi an kawo mini har da riba. Mun yi kwana biyu ba ma shan kofi tare. Yanzu mun shirya, don ita kaɗai ta san inda nake ajiye maganin ido in na manta.

Ga aikin da ka ba ni. Na ja abin faɗin layi har ya koma kamar faɗin tafin hannuna. Nisan haruffa kuma na ƙara kaɗan. Da na yi haka sai kalma ta tsaya a gabana gaba ɗayanta. Layinka na farko ni na karanta shi, babu kowa a ɗakin. Ka rubuta wai in daina kallon labarin yanayin garinku. Na yi dariya ni kaɗai, amma ba zan daina ba.

Sai kurakurai, tunda ka ce in faɗa. Ƙaramin e idonsa a rufe yake, ban iya raba shi da o, wani lokaci da c. In r ta tsaya kusa da n sai su manne su zama m. Lamba ɗaya da ƙaramin l tagwaye ne. Alamar tsayawa ta yi ƙanƙanta, ina wuce ta ban sani ba, sai in ji numfashina ya ƙare. Kuma da na buga a takarda, haruffan sun fito da matakalar nan, duk sun yi kaushi. Wannan wasiƙar ma za ka gani. Na ji nauyin rubuta maka duk wannan, sai da na tashi na zagaya gida na dawo.

Maganar gidaje da ka yi na gane ta sarai. Haka muke ƙirga zare in za mu ɗinka suna a tawul ɗin baftisma. Na ɗinka sunaye da yawa a garin nan ina kwaikwayon zane, ban san abin da suke cewa ba. Na san yadda gida ɗaya yake hana mutum sukuni. Shi ya sa nake mamakinka. Inji ya zo daga kamfani a rufe, da haruffan da aka yi wa kowa da kowa, kai kuma ka sami ƙofa ka shiga ka ce masa ga na uwata. Ban san inda ka samo wannan kan ba. Babanka dai fitila ma sai ya kira Curley.

Tambaya ɗaya, kuma kada ka tsallake. Likita ya ce bututun zai iya ƙara matsewa ko da magani. In ya matse, yaya ke nan?

Allah ya ba ka lafiya, ya tsare ka daga ƙanƙara.

Mamarka,
Azema Duhon

St. Paul
28 ga Maris

Mama,

Ina gaishe ki. Wannan wasiƙar tana cikin faifai, ga ta kuma a takarda da haruffanki. Gwaggo, in ke ce kika ɗauka, ki ajiye ki je ki dafa kofi.

An kwance hannu, ya ɗan rame amma yana aiki. Likitan ƙashi ne na gaske. Yana zogi da safe. Gishiri na barbaɗa har maƙwabci ya yi magana.

Na buɗe wa e ido, na cire masa ɗigo daga ciki na ƙara masa tsawo. Na gajarta hannun r don ta daina taɓa n. Lamba ɗaya ta samu ƙafa da hula. Alamar tsayawa yanzu ko mota ta gan ta sai ta tsaya. Maganar takarda kuwa, na'urar bugawa ta fi allo yawan ɗigo, shi ya sa inji yakan nemi zanen da ya ninka girma biyu ya matse shi, sai ya fito sumul. Bai samu ba ne ya ja ƙaramin. Na zana masa ninkin, yana cikin butar.

Tambayarki: in ya matse, zan sake zanawa, ke kuma ki sake nemo kurakurai. Akwai inda ɗigo ba zai iya wucewa ba, kuma ban san ko za mu kai can ba. Ba zan ce miki na sani ba.

Zan zo bikin Ista. A tsohuwar motata zan taho, ni kaɗai, tafiyar kwana biyu. Birkinta yana ɗan kuka in na taka, amma na saba da shi.

Ɗanki,
Ovide

Kaplan
3 ga Afrilu

Ɗana Ovide,

Gaisuwa. Na karanta, daga Mama har zuwa sunanka, ni kaɗai. Noemie tana kicin tana buga kofuna don in san tana nan. Ban kira ta ba.

Kada ka hau motar nan sai an canja birki, kuma ka aiko mini da sunan wanda ya gyara. Ka kwana a hanya, kada ka yi tuƙi da hannun da ke zogi. Tun jiya nake cikin damuwa, abinci ma kaɗan na ci, kuma haka zan zauna har in ji tsayawarka a ƙofa. Noemie ta tambaye ni me ka rubuta da ya hana ni zama wuri ɗaya. Na ce ta zauna, zan karanta mata, duka.

Allah ya kawo ka lafiya.

Mamarka,
Azema Duhon